Mun Koma Shida

Litinin, 3 ga Maris

Buɗe ɗakin taro, goge tebur, jera kujeru goma sha biyu. Na yi kwafin ajanda. Tawadar inji ta kusa ƙarewa, shafi na biyu ya fito kamar an wanke shi. Na rubuta takardar neman tawada, karo na uku ke nan.

Batu na tara na Mai Kwalabe ne, ɗalibar digiri na uku da ke yawo da kwalaben ƙasar gona a jaka. Shekara shida tana fama. Ta gama kundi, saura kwamiti ya amince da malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ta. Tallafinta zai ƙare 31 ga wata. In wasiƙar gayyata ba ta fita kafin nan ba, sai ta sake rajistar shekara guda daga aljihunta. Wane aljihu?

Laraba, 5 ga Maris

Taro. Doka ta ce sai da mutum bakwai a ɗaki ake yanke magana. Bakwai cif suka zo, na bakwan ma sai da na je na tsaya masa a ƙofar ofis.

Awa biyu a kan wa zai biya kuɗin mota da masaukin mai jarrabawa. Shugaban makarantar manyan digiri, mai jagorantar taron, ya ce sashen ɗalibar. Shugaban sashen, wanda a bayan ido muke kira Farfesa Ƙa'ida, ya ce: "Mu da ko alli sai mun yi karo-karo?" Shugaba ya ce asusunsa kamar an bi shi da tsintsiya. Ba wanda ya ambaci ɗalibar. Shayi kuwa an sha, har da ƙari.

12:10 Dakta Waya ya fita, waya a kunne kamar kullum. 12:14 Shugaba ya ce an amince, maganar kuɗi sai gaba. 12:25 Dakta ya dawo.

Na ga fitarsa. Na ƙirga, shida. Na rubuta lokacin a bayanan taro kamar yadda na saba shekara goma sha tara. Ban ce uffan ba. Ina ɗan sakandare ina katse farfesoshi?

Alhamis, 6 ga Maris

Mai Kwalabe ta zo ta yi mini godiya. "Kawu, Allah ya saka." Na ce amin, idona a kan fayil.

Talata, 11 ga Maris

Abin da nake gudu. Farfesa Ƙa'ida ya karanta bayanan da na raba, ya ja layi da jan biro: mutum shida ne a ɗaki, amincewar ba ta zauna ba. Ba da ita yake ba, da Shugaba yake. Amma in giwaye suka yi faɗa an san wa ake tattakewa.

Shugaba ya kira ni. "Wa ya sa ka rubuta minti-minti? Tashar jirgin ƙasa muke?" Na ce haka na saba, ranka ya daɗe. Ya ce da na bar layin nan da ba wanda ya sani. Gaskiyarsa. Amma ai fitar an yi.

Taro na gaba sai Mayu.

Laraba, 12 ga Maris

Ban taɓa abincin rana ba. Ba tawada.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta ji labari. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a benci, jaka a cinya, kwalabe na ƙara kaɗan-kaɗan. Ta ce mahaifiyarta har ta gaya wa maƙwabta. Sai ta ce, "Kawu, kai kana ciki lokacin da ya fita?" Na ce ina ciki. Ta gyaɗa kai kawai.

Na rubuta gaskiya ne, ko na ɓuya a bayan biro?

Lahadi, 16 ga Maris

Na ba maman yara labari tana guga. Ta ce, "Kai da agogon nan naka, ranar da gida ya kama da wuta sai ka rubuta ƙarfe nawa kafin ka ɗauko bokiti." Yara suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ta ce bakin nawa na ci da sha ne kawai? Na ce ba ta san jami'a ba. Ta ce ta dai san ni.

Litinin, 17 ga Maris

Na sauko da littafin dokokin kwamiti daga saman kabad. Ni na buga shi da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sashe na 14: in abu na gaggawa ne, ana iya zagayawa da takarda, mutum bakwai su sa hannu, ya zama kamar an zauna. Ban taɓa ganin an yi ba. Na karanta sau biyar ko Turancin ne ya fi ƙarfina.

Laraba, 19 ga Maris

Sau biyu ina zuwa ƙofar Shugaba ina komawa. Na uku na ƙwanƙwasa. Ya karanta, ya ɗago tabarau. "Kai ka rubuta dokar?" Na ce bugawa na yi, ranka ya daɗe. Ya ce to kuɗin fa? Ban san lokacin da bakina ya ce kason shayin taron da ya rage na bana zai kawo mai jarrabawa ya mayar da shi ba. Ya dube ni har na ji gumi a baya. Ya sa hannu. "Kai za ka gaya musu ba shayi."

Talata, 25 ga Maris

Sa hannu shida. Na hau benen kimiyya sau huɗu, gwiwa ta gaya mini shekaruna. Dakta Waya ya sa hannu bai karanta ba, bai ma sauke wayar ba. Sauran biyar sun tafi taron ƙara wa juna sani, sai wata mai zuwa. Saura mutum ɗaya a gari. Shi, Farfesa Ƙa'ida.

Alhamis, 27 ga Maris

Ya ce in ajiye fayil in tafi. Na ce zan jira, ranka ya daɗe. Na zauna ma, ba tare da an ce in zauna ba. Ya karanta sashe na 14, ya sake karantawa, yana neman kuskure, jan biro a hannu. Ya tambaya ko sashensa zai biya ko sisi, na ce a'a. "Ashe akwai mai karanta littafin nan a gininku." Ya canza biro, ya sa hannu.

Ba wani abu na yi ba, aikin masinja ne. Na duba gefen takarda ban rubuta ƙarfe nawa ya sa hannun ba. Mantuwa ce.

Gobe:
1. Wasiƙar gayyata. A buga a ofishin laburare, nasu injin yana da tawada.
2. Hatimin Shugaba kafin ya fita.
3. A kira Mai Kwalabe, bayan wasiƙar ta fita, ba kafin ba.
4. Takardar neman tawada, karo na huɗu.
5. Sanarwar shayi. Ban san yadda zan tsara ta ba.
6. Don taron Mayu, in gwada faɗa a ofis in ba kowa: "Ranka ya daɗe, mun koma shida." Da baki.