Ranar da Kika Nuna Ni, Na Juya Fuska

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki, a can garin da ƙaninki Kabiru ya ce ruwan sama ba ya ɗaukewa. Mu nan Greensboro lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kin ga na rubuta sunanki. Shekara ashirin da bakwai da haihuwarki, yau na fara. Hannuna bai karye ba, rufi bai faɗo mini ba. Wannan kaɗai ya ishe ni jin haushin kaina.

Na sa wasiƙar nan a fili, a dandalin intanet da matan garin nan ke leƙawa, don kin canza lambar waya, wasiƙu biyu kuma sun dawo mini ba a buɗe ba. Su Hajiya za su karanta, su yi ta buga wa juna waya. Su yi. Da Hausa na rubuta, ko da yake na san sai kin bi ta a hankali da yatsa. Turancina na aiki ne, na lallashin tsofaffin da nake jinya a gidajen Irving Park. Ba ya ɗaukar abin da ke cikina.

Shekara biyar ke nan da kika manna mini wata 'yar fotokwafi a jikin firij. Ƙungiyoyin kiɗa uku, ranar Lahadi da yamma, a wani ɗan kulob kusa da Glenwood. Kin ja layi a ƙarƙashin ta biyu, taku. Ba ki ce in zo ba, ni ma ban ce zan zo ba. Haka muke magana, ni da ke, ta bakin firij.

Na zo. A cikin mota na yi magariba. Mai tsaron ƙofa ya miƙo hannu zai buga mini hatimin shiga a bayan hannu, na harare shi, sai wata yarinya mai ɗan kunne a hanci ta karɓa ta buga mini da kanta. Wurin bai kai falon Madam ɗin da nake jinya ba. Ƙasa tana kama takalmi, ga warin giya da taba. Ni kaɗai ce mai mayafi, ni kaɗai ce na haura arba'in. Na je can baya na jingina da bango.

Samari huɗu suka fara, ramammu, cikin baƙaƙen kaya, kamar an hana su abinci tun watan jiya. Mai waƙar yana yi kamar daga cikin rijiya. Na shirya raina su, ni da na koyar da adabi shekara tara a Katsina. Amma gitar nan mai kaurin murya ta riƙe kiɗa ɗaya tana maimaitawa, ba ta saki ba, har na ji shi a ƙirjina kamar luguden safe. Na kama ƙafata tana bugun ƙasa, na tsawata mata.

Sai ku. Ke da ƙawarki Megan mai waƙa, da injin ganga a kan kujera. Kin tsaya bayan kibod biyu, ɗaya bisa ɗaya, kin sunkuyar da kai kamar mai tsintar shinkafa. Sautin ya fito sanyi, mai ƙyalli, kamar ana zuba ruwa a kwanon silba. Yaran suka fara rawa, kowa shi kaɗai, ido a rufe.

A waƙa ta huɗu na gane abin da kike kaɗawa. 'Yar muryar nan ce da nake yi a hanci in ina wanke-wanke, wadda ba ta da suna ba ta da kalmomi, wadda na ɗauka ba mai ji. Kin ɗauke ta daga kicin ɗinmu na High Point Road, kin sa mata wuta, ga 'ya'yan Turawa suna rawa da ita. Na yi kuka. Ba ki gani ba, akwai duhu a inda nake.

Da aka gama kika jawo makirufo, kika ce da Turanci mamanki ta zo, ga ta can baya. Duk suka waiwayo, suna tafi, suna ihu. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na juya na fuskanci bango. Ban yi tunani ba. Jikina ne ya yi, kamar yadda jikin uwata zai yi in an yabi 'yar farinta a gabanta.

Ban tsaya nan ba. Kika sauko kina zufa, kina riƙe da hannun Megan. Na kama hannunta biyu, na ce muryarta kyauta ce daga Allah, na sa mata albarka. Ke na dube ki na ce, "Wandon nan ya matse ki." Kika ce, da Hausarki mai ɗingishi, "Mama, ko sau ɗaya?" Na ce dare na yi, gobe ina da aiki.

Kin ɗauka kunyarki nake ji. Kunya ce, amma ba wadda kike nufi ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a idon mutane. Alkunya ake ce mata. Ban taɓa yi miki bayani ba, don bayanin ma karya ta ne. Kin girma kina jin "Ke!" da "yarinyar nan", Kabiru kuma ana kiran sunansa sau hamsin a yini.

Abin da ban gane ba, duk karatuna, shi ne wannan: a gida in uwa ta kau da kai, akwai kaka mai kiranki kishiyarta tana miki kirari, akwai goggo mai goya ki, akwai gida guda da ke shagwaɓa ki a madadinta. Shirun uwa ba ya zama shiru, don gidan cike yake. Ni na ɗauko rabin al'adar na sa a akwati, na bar ɗaya rabin a Katsina. Ɗaki biyu, bene na uku, babanki Allah ya jiƙansa kullum yana wurin aiki. Wa zai kira ki in ban kira ba?

Ina fushi, Nafisa. Ina fushi da matan da suka yi ta yaba mini wai ban zubar da tarbiyya a Amurka ba, 'ya'yansu kuwa suna rataye a wuyansu. Kwana uku hatimin nan yana bayan hannuna, alwala ba ta goge shi ba, wata ta tambaye ni a gidan suna, na ce na asibiti ne. Ina fushi da ke ma, da ba ki taɓa tsare ni kin ce, "Me na yi miki?" ba. Amma ke yarinya ce a lokacin. Ni ce babba.

Ga abin da ya kamata ki ji a ranar: kin iya. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma ku kuka fi sauran biyun. Na tsaya a waje na saurari na ukun ta taga don in tabbatar.

Kabiru ya yi suɓutar baki makon jiya. Ya ce kin sauka lafiya, mace, ta fari. Ban ce ki kawo ta ba, ban da bakin cewa. Amma ita ma ba ta da kaka a kusa, ba ta da goggo, kamar yadda ke ba ki samu ba. Don haka ki kira sunanta. Ki kira da safe, ki kira a kasuwa, ki kira har maƙwabta su kawo ƙara. In kuma wata rana kin ga dama, ki sa Kabiru ya gaya mini sunan, don aikin kaka nawa ne, kuma na iya shi.

Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa, ya yi wa hannuwanki albarka a kan duk abin da suka taɓa. Allah ya sa ki yafe mini tun ina da kunnen ji.

Mamanki,
Binta