Ɗigo na Shida

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da ɗalibanki kuna lafiya. Umma ta ce kin yi wuyar gani.

Yaya, buɗe kunnenki. Makarantarmu za ta tura mutum ɗaya tak gasar lissafi, kuma mu biyu muka rage, ni da wani ɗan ajinmu, Mai Tabarau. Malam ya ce ranar Alhamis kowa ya fito gaban aji da abin da ya gano da kansa, wanda ya fi shi zai tafi.

To, ni na gama! Zana da'ira, ki sa ɗigo-ɗigo a bakinta, ki haɗa kowane ɗigo da sauran da rula, sannan ki ƙirga gidajen da da'irar ta rabu. Ɗigo biyu, gida biyu. Uku, gida huɗu. Huɗu, takwas. Biyar, sha shida. Ninkawa yake yi, har abada! Na cika bayan kalandar falo da zane har Umma ta yi faɗa. Wallahi Mai Tabarau sai dai ya goge tabarau ya sha kallo.

Ƙanwarki mai kai,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonki, na yi murna, ki gaishe min da Umma da kyau.

Aikinki ya yi tsafta. Sai dai abin da ke hannunki sunansa hasashe. Sau huɗu kika gwada ya yi daidai, "har abada" kuwa ke kika ƙara da bakinki. Kin gwada ɗigo shida?

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Gaisuwa, amma a gajarce, don haushinki nake ji.

Na gwada. Talatin da biyu ya kamata ya fito, sai ga talatin! Na ce idona ne, na bi gidajen da fensir ina shafa kowane ɗaya. Talatin. Can na lura na jera ɗigon daidai wa daida, har layi uku suka haɗu a tsakiya suka cinye gida guda. Na ɗan gusar da ɗigo ɗaya, ƙaramin gida ya buɗe. Talatin da ɗaya. Saura ɗaya, Yaya, ɗaya tak! Na juya takarda, na sake babban zane a ƙasan ɗaki da alli, ya ƙi fitowa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ga shawarar da na yanke: in tsaya a kan biyar. Wa zai zauna ƙirga gida talatin a allo? Kujerar gasar nan ina son ta, kuma kin san tun aji ɗaya nake son ta.

Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Daina neman gidan nan, bai ɓata ba, babu shi ne. Misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe hasashe, ko da dubu sun goyi bayansa.

In kin tsaya a biyar, wataƙila ba wanda zai kama ki. Amma za ki tsaya gaban aji ki faɗi abin da kin san ba haka yake ba, ni kuwa ba zan taya ki ba. Kuma ban ga abin kuka ba, uwar rigima. Duk ajinku wa ya san abin da kika sani yanzu?

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da babbar murya!

Ranar Alhamis a gaban aji na zana har biyar, na juyo na ce, "Shida fa?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Talatin da biyu!" Mai Tabarau ya fi kowa ɗaga murya. Sai na zana, na miƙa masa alli na ce bismillah, ƙirga mana. Ya ƙirga, ya sake, gumi na keto masa.

Malam ya ce, "To, me ya sa talatin da ɗaya?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Malam. Abin da na sani, hasashena ya mutu, kuma ni na kashe shi."

Ya ce in haɗa jakata, ni zan tafi gasar.

Ƙanwarki,
Auta