Ƙwaryar da Na Wanke

Bagwai, daminar 1941

Zuwa ga maigidana Muntaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na soja a ƙasar Kenya. Malam Iliyasu ke rubuta mini wannan.

Takardarka ta iso. Na ji yadda kake ta zuba yabo a kan nonon makiyayan nan 'yan ƙabilar Masai, wai suna turara cikin gora da bakin wuta, nono ya daɗe bai lalace ba. To madalla, ka sha ka ƙoshi. Mu nan hankalinmu ba a kwance yake ba.

Autarmu Maijidda ce ke gudawa tun da na yaye ta, duk ta zabge. Na kai ta wurin malamin asibiti. Ya ce akwai waɗansu halittu ƙanana da ido ba ya gani, suna zama a ruwa da cikin ƙorai, su ke kawo ciwon. Tsoro ya kama ni. Ina dawowa na zubar da ragowar kindirmon da nake ɗiba in yi iri da shi, na kankare ƙwaryar da toka, na sheƙa mata tafasasshen ruwa.

Tun ranar nono ya ƙi kamawa. In na tafasa madara na rufe, sai in tarar da ita tsululu tana wari. Ita kuwa yarinyar ba abin da take karɓa sai kindirmo. Ko kunu na kai bakinta sai ta kau da kai.

Ka sa ta a addu'a. Su Baba suna gaishe ka.

Matarka,
Tani

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyin ƙasar? Ban iya jiran amsarka ba.

Na koma wurin malamin. Ya ce ai halittun nan iri-iri ne, har da na kirki, kuma su ke sa nono ya kama. Na tambaye shi yadda zan bambance su, ya ce shi ma bai taɓa ganinsu da idonsa ba. Wallahi raina ya ɓaci, na goyo 'yata na fito.

Na turara ƙwaryar yadda ka faɗa, na roƙo ludayi guda na iri wurin Inna Kulu maƙwabciyarmu, na zuba a madarar da na tafasa ta huce. Nono ya kama.

Na daɗe riƙe da ludayin, don ban san magani zan ba Maijidda ko cuta ba. Amma idanunta sun riga sun faɗa, ba ta da ƙarfin kuka. Na yi bisimilla na ba ta.

Har yanzu gudawar ba ta dawo ba, ban kuma wanke mata zane ba tun safe. Ba na son in yi saurin murna. Ɗazu dai da na ɗauke ƙwaryar, sai ta miƙo hannu ta riƙe bakinta.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Tani