Ajiyar Iya Hure

Gaya,
Watan Sha'aban, 1976.

Zuwa ga Yayana Tukur, a Shagamu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya yi wa cinikin goronka albarka, ya tsare ka da zazzaɓin kurmi. Mu nan lafiya muke. Na dawo hutu daga Kano. Damina ta yi kyau, geron gonarmu ta Balan ya fitar da kai har tsuntsaye sun fara damun mutane. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, Baba kuma idonsa ya ƙara rauni, yanzu ni nake karanta masa duk abin da aka aiko. Gwaggo Larai ta zo daga Gafasa, ta ce wai na yi tsawo amma bakina bai tsiro ba har yau.

Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. A cikin aduduna, ƙarƙashin littattafan soyayyar nan da kake mini tsiya a kansu, akwai wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki. Ba tawa ba ce. Ajiya aka ba ni, kuma mai ita ba za ta zo karɓa ba.

Ka tuna bazarar yunwa, bayan farin da ya cinye damina, lokacin da aka kai ni Gafasa wurin Gwaggo. Kai ne shugaban ƙungiyar samari ta taimakon gajiyayyu a can Gafasa, aka kawo muku hatsin agaji aka zuba a sito. Kwamitin nan na Gaya mai sa ido a kan ƙungiyoyin taimako, wanda Baba yake cikinsa, ya ce kada a buɗe sai an yi shela har tungaye da rugage, kuma sai shaidunsa sun iso. Shaidu suka yi jinkiri. Mutanen gari suka tare a ƙofar sito, yara suna kuka har muryarsu ta dushe, ka kasa jurewa ka fasa kwaɗo ka raba. Na san ko ƙwaya ba ka kai bakinka ba, da idona na ga kana shan ruwan kanwa kana ɗaure ciki.

Bayan hatsin ya ƙare, wata rana da hantsi ina shara a ƙofar gida, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama ta roƙi ruwa. Ta ce sunanta Hure, daga wata tunga take can bayan fadama, labarin rabo bai isa gare su da wuri ba, kuma ta baro jikoki a gida. Ta riga ta je sito ta ga abin da ta gani. Ba ta zagi kowa ba. Ta sha ruwan a hankali, ta goge baki, sannan ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "'Yar nan, ajiye mini. In babu komai a ciki ta fi yi mini nauyi. In an sake rabo zan zo." Kunya ta hana ni ko tambayarta sunan tungar. Daga baya masu itace suka tsince ta a gindin wata kuka a kan hanya, Allah ya yi mata cikawa. Na san ka ji an ce wata tsohuwa ta rasu, amma ba na jin ka san sunanta.

Tun daga nan ba ta rabu da ni ba. Ba ta tsorata ni, kuma ban taɓa ganin fushi a fuskarta ba. Sai dai ko da rana tsaka, ina cikin aji ko ina tankaɗe, in ji kamar an tsaya a bayana ana jira in waiwaya. In tsohuwa ta yi sallama da hantsi, sai na leƙa na ga fuskarta kafin in amsa. In na buɗe adudu, ƙanshin hayaƙin ɗakinta ne yake fara fitowa, ya kama har littattafan, ta yadda ina tsakiyar karanta wani saurayi yana rantse wa budurwarsa, sai in ji tambaya a kunnena: an sake rabon?

Abu na biyu shi ne ranar da kwamiti ya kira ka. Lokacin na dawo Gaya, ina wurin, Inna ta aike ni da furar Baba. Ka san ƙa'idarsu: duk wanda maganar da za a yi ta shafi jininsa, zai tashi ya ɗauki takalmansa daga bakin zaure ya tafi gindin durumin nan da ke nesa, inda ba a jin abin da ake faɗa, ba zai yi magana da mai ƙara ko wanda ake ƙara ba har a tashi. Kai abin da ka gani shi ne kana shiga mahaifinka yana fita, ko kallonka bai yi ba. Da suka gama jin ta bakinka ka fito, ka wuce ta gabansa kanka a sama, washegari ka shiga mota.

Ga abin da ba ka gani ba. Baba bai sa takalman ba, a hannu ya riƙe su ya tsallaka filin nan, ƙasa kamar an zuba garwashi. Da ka wuce shi, ya miƙe ya biyo ka ba takalmi, har ya buɗe baki. Sai ya waiwaya ya dubi zauren, ya ga ba a tashi ba, ya tsaya cik a cikin rana yana kallon bayanka har ka sha kwana. Ban san iya tsawon tsayuwar ba, na dai san furar ta tsinke a hannuna. Da ya lura da ni ya dawo inuwa, ya zauna, ya ce, "Wasila, in na zauna a ciki, ko sun wanke shi ba wanda zai yarda ya wanku." Kwana da kwanaki Inna tana shafa masa man shanu a tafin ƙafa.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi fushi da shi. A littattafaina wanda yake sonka bankaɗe ƙofa yake ya shiga ya yi magana kowa ya yi tsit. Na so Baba ya yi haka. Na daɗe ina sake tsara ranar a zuciyata, ina sa masa kalmomi masu daɗi a baki. Amma duk sanda na kai inda aka tafa masa, sai in ga Iya Hure a bakin zauren, in tambayi kaina wa ke gare ta a ciki. Ba ta da uba a kwamiti, ba ta da ɗa. Abin da kawai take da shi shi ne dokar nan da ta ce a jira na nesa, da mutanen da za su duba maganarta ba tare da kallon fuskar Babanmu Malam Maiwada ba.

Ka tafi da wuri, ba ka ji ƙarshen abin ba. Kawu Gwadabe ya kai wa shugaban kwamiti, Malam Da'u, rago a ɓoye don a sassauta maka, aka mayar masa da shi har da igiyarsa kafin la'asar. Har yau Kawu yana cewa ragon nan ya fi kowa yawon banza a danginmu, yana kiran su kwamitin takalma, in ya ga Baba sai ya tambaye shi ko yau a ƙafa suke ko a hannu. Baba murmushi kawai yake. Sun dakatar da ƙungiyarku, sun ce kada ka sake riƙe kayan jama'a sai ka dawo an ƙarasa magana, wannan ka ji. Abin da ba ka ji ba, ranar kasuwar Gaya sun sa sankira ya faɗa a gaban kowa cewa ba a same ka da cin ko tiya guda ba, kuma su ma da laifinsu, domin shaidunsu ne suka makara. Suka canza tsari: yanzu shaidu ne suke riga hatsi isa gari, kuma na nesa ake fara aunawa kafin na ƙofar sito. Malama Talatu, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, mace ɗaya tilo a cikinsu, ita ta gaya wa Inna cewa Malam Da'u da kansa ya nemi a fara ambaton laifinsu kafin naka.

Dalilin wannan takarda ke nan. Ana ta maganar sabon tsarin ƙananan hukumomi, kwamitin zai miƙa aikinsa ga wasu. Zamansu na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Ƙa'idarsu ta ce ba a rufe maganar mutum sai an ba shi ta ƙarshe, shi ya sa taka take buɗe har yanzu. In ba ka zo ba, haka za ta wuce hannun baƙi da ba su san ka ba, hanin ya zauna a kan sunanka. Sun yi shela a kasuwa, amma Shagamu ba ta jin sankiran Gaya. Baba ba zai rubuto maka ba, yana ganin wannan ma sa baki ne. Na tattara duk ƙarfin halina na tambayi Malama Talatu ko ni ma an hana ni, ina in'ina ina murza mayafi. Ta yi dariya ta ce dokarsu ba ta kai kan ƙanne ba tukuna.

Ban ce za su wanke ka ba, Yaya, ban sani ba, Baba ma bai sani ba, kuma ranar zai sake ɗaukar takalmansa ya fita. Amma yanzu ko ba ranar zama ba yakan je gindin durumin, ya tuɓe takalma ya ɗora a cinya, ya fuskanci kwanar da ka sha. Da idon nan nasa ba ya ganin kwanar ma. In na je kiransa cin abinci, yakan ji tafiyata ya ɗaga kai da sauri, sannan ya ce, a'a, Wasila ce. Ina so ka zo ka faɗi taka. In an tashi, ka biya ta inuwar. Bayan nan ka raka ni bayan fadama mu nemi tungar, mu cika ƙwaryar nan da sabon gero mu kai wa duk wanda ya rage a gidan. Ni kaɗai ba zan iya tambayar hanya ba, ka san ni.

Inna tana gaishe ka, kullum sai ta ambace ka in ta idar da salla. Gwaggo Larai da Kawu Gwadabe suna gaisuwa, haka Amarya matar Audi da 'yarta Madina da aka haifa ba ka nan. Ka gaida mai masaukinka da iyalinsa. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Wasila Maiwada.

Na buɗe na ƙara wannan. Tun da na rubuta takardar nan take cikin ƙwaryar, ina tsoron in ka san sunan tsohuwar nan, ka ƙara nisa maimakon ka matso. Na saba rubuta takardu in ɓoye, adudun cike yake da su. Amma ɗazu na ji an ce Maikuɗi direba yana lodin wake a tasha, yau zai kama hanyar kurmi. Ajiya ɗaya ta ishe ni. Na ɗauki mayafina, zan kai masa hannu da hannu.