Minti Arba'in da Biyar

Talata, 2 ga Satumba

Ranar ƙarin ruwa. Leda goma sha ɗaya na haɗa, bayana kamar zai ɓalle.

Wata takwas ke nan da fara gwajin sabon maganin nan na masu raunin zuciya, har yau Baban yara bai gane aikina ba. Da safe ma sai da ya ce, "Wai ke mai haɗa magani ce ko mai gadin asiri?" Na sake yi masa bayani ina laluben takalmin auta a ƙarƙashin kujera. Marasa lafiya sittin, kowa na kan magungunansa na kullum. Duk bayan sati biyu a yi musu ƙarin ruwa. Rabinsu akwai sabon maganin a ledarsu, rabi ruwan gishiri ne zalla. Kwamfuta ce ta raba. Su ba su sani ba, Sista mai saka musu ba ta sani ba, Farfesa kansa mai binciken bai sani ba. Ni kaɗai na sani a ginin nan. In sa wa kowace leda baƙar riga, in miƙa ta taga.

Ya ce ashe dai ina iya riƙe magana. Na ci gaba da neman takalmin.

Talata, 16 ga Satumba



Na fito zan tafi salla, sai ga tsohon nan a kan bencin baranda yana jiran 'yarsa ta zo ɗaukarsa. Baba Mai Agogo. Shekara arba'in yana gyaran agogo, har yanzu biyu yake ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu. Doka ta ce kada in yi hira da masu gwajin, gaisuwa kawai. Na gaishe shi zan wuce, ya ce, "Malama, ba tambayarki zan yi ba. Nuna miki kawai zan yi."

Ya juya katinsa na asibiti. A bayan katin lambobi ne jere da fensir, ƙanana, tsaf. Sha biyu. Sha huɗu. Sha ɗaya. Haka har guda takwas.

"Mintuna ne, daga auna ni zuwa isowar ledata," in ji shi. "Ta maƙwabcina mai gemun nan ba ta taɓa zuwa ƙasa da arba'in da biyar ba. 'Yata, aikin da ake gamawa a minti goma ba shi ne ake yi a arba'in ba."

Na ce, "Baba, ba ni da ikon cewa komai."

"Na sani. Ni ma ban gaya wa kowa ba."

Har da murmushi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 17 ga Satumba

Na wanke firjin magani tas. Shekaranjiya aka wanke shi.

Alhamis, 18 ga Satumba

To in rubuta, ko a nan ma bai kamata ba.

Sabon maganin gari ne, a hankali yake narkewa, ba a girgiza shi. Minti arba'in da biyar. Ruwan gishiri kuwa minti goma na gama. Shi ya sa takardar aiki ta ce ledar ruwan gishiri ma in riƙe ta har arba'in da biyar su cika, don kada wani ya gane ta lokaci. Akwai ɗan akwati a fom: an jira. In yi alama, in sa hannu.

Ranar goma ga Yuni na leƙa ta taga na ga Baba Mai Agogo. Ƙafafunsa sun kumbura har ya cire takalmi ya ɗora su a kai, yana jan numfashi da baki. Ƙafafun Babanmu ne sak, shekarar da ya rasu. Ga ledarsa a gabana, an gama, tana zaune kawai. Na ce wa raina mene ne amfanin azabtar da tsoho saboda ruwan gishiri? Na miƙa. Na yi alamar.

Daga nan ya zama hali. Shi, da wata tsohuwa mai sanda, da wasu biyu da ke zuwa daga nesa. Su huɗu. Har daɗi nake ji wallahi. Ina ganin ni ce mai imani a cikin mutanen da suka mayar da marasa lafiya lambobi.

Asabar, 20 ga Satumba

Na gaya wa Baban yara muna shanya kayan makaranta. Ban faɗi ko su waye ba.

"Wa ya mutu?" ya ce. Na ce babu. "Wa aka ba abin da ba nasa ba?" Babu. "To ruwa ne, kin ba shi da wuri. Ki daina, ki ja bakinki ki yi shiru. Shekara goma sha uku kina wannan aikin, za ki zubar da su a kan tsoho mai fensir?"

Mai duba takardu za ta zo ranar Alhamis. Ita ma ta san wa ke karɓar me, aikinta ke nan, ta bi bayana. Amma fom kawai za ta gani, fom kuma duk alama ce reras. Sista ba ta rubuta lokacin da leda ta iso, na sakawa kawai take rubutawa, shi ma sai ta zagayo gado takwas. In na yi shiru an wuce wurin.

Na yarda da shi har zuwa la'asar.

Litinin, 22 ga Satumba

Sista ta shigo aron abin dafa ruwa, ta zauna tana surutu kamar kullum. Wai mutuminta Mai Agogo ya ba ta haushi satin da ya wuce. Akwai tafiyar minti shida da suke sa su yi a baranda, a auna nisan da mutum ya ci, da ita ake gane ko zuciya ta ƙara ƙarfi. A watan Mayu ya yi mita ɗari uku da goma. Wannan karon ɗari biyu da arba'in, ya nemi kujera tun lokaci bai cika ba.

"Na ce Baba tashi mana, saura minti ɗaya da rabi. Ya ce, Sista, a kan me zan wahalar da kaina? Ke kin ji fa!"

Na yi dariya tare da ita. Ban san daga ina dariyar ta fito ba.

Tana fita na zauna. Zuciyarsa ce ta ƙara rauni, ko gwiwarsa ce ta yi sanyi don ya gane ruwa ake ba shi? Ba wanda zai iya rabewa yanzu, har shi. Kuma ɗari biyu da arba'in ɗin nan ta shiga kwamfuta a layin masu ruwan gishiri. In su suka ja baya don sun karaya, sai maganin ya fito kamar ya fi ƙarfinsa. Wata rana wani likita a wani gari zai karanta, ya rubuta wa baban wata.

Sauran ukun fa? Me suka lura da shi? Ba kowa ke nuna bayan katinsa ba.

Talata, 23 ga Satumba

Na rubuta takarda. Na yaga. Na sake rubutawa, ta fito kamar ina neman lambar yabo ta tausayi. Na yaga.

Na yi wa auta tsawa a kan cokali. Cokali!

Laraba, 24 ga Satumba

Na je ofishin Farfesa ba tare da na shirya komai ba, don in na shirya ba zan je ba. Yana cin gyaɗa a kan takardu. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai ledojin da na fitar kafin lokaci. Na farko shi ne na..."

Sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, babban mutum, gyaɗa na zuba. "Kar ki faɗi suna! Kar ki faɗi lamba! Ko namiji ne ko mace kar in ji!"

Na manta shaf. Ko laifina ba ni da ikon faɗa masa gaba ɗaya, in ya ji suna shi ma ya san wa ke shan ruwa. Da ba a wannan halin nake ba da na yi dariya.

Ya sauke hannu. Mutum nawa? Huɗu. Tun yaushe? Yuni. Sai ya ce, "Akwatin da ke fom fa? Kin yi alamar kin jira?"

Na ce na yi.

"Fitar da ledar kuskure ne, Malama, kowa na yi. Alamar nan ita ta fi yi mini ciwo."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe in gaya wa mai duba takardu komai, da sunaye, ita tana da ikon ji. Na fito na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na koma na haɗa maganin tari.

Alhamis, 25 ga Satumba

Mai duba takardun yarinya ce, ƙanwar bayana ma ta girme ta. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce sannu ba. Muka zauna da fom ɗai-ɗai. Leda ashirin da uku. Kowace alama in ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, in rubuta "ba a jira ba", in sa hannu da kwanan wata. Sau ashirin da uku na rubuta cewa na yi ƙarya, da birona.

An ɗauke ni daga gwajin sai kwamiti ya zauna. Baban yara bai ce "ai na gaya miki" ba. Ya dai yi ta goge mota da ba ta yi datti ba. Ashe halinmu ɗaya.

Talata, 30 ga Satumba

Ranar ƙarin ruwa, ni kuwa ina tagar waje ina ƙirga ƙwayoyin ciwon kai. Wani aka aro daga wani asibiti yana haɗa ledojina, a teburina.

Haushi nake ji, in faɗi gaskiya. Ban saci komai ba. Tsoho na gani yana haki na tausaya masa. Waɗanda suka rubuta dokar nan sun taɓa zama a tagar suna kallon ƙafafun mutum?

Sai kuma in tuna kujerar da ya nema saura minti ɗaya da rabi. Ban san me nake ji ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Shiru daga kwamiti. Na duba waya ya fi sau talatin.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwamiti ya yanke. Takardar gargaɗi a fayil ɗina, tana nan har in bar aiki. Zan koma, amma da na'urar ƙidayar lokaci, kuma wani ya sa hannu bayan nawa. Tafiyar minti shida wata ma'aikaciya daga wani sashe za ta riƙa aunawa. Sakamakon mutum huɗun za a rubuta a rahoto cewa asiri ya yi yoyo a kansu. Ba a rufe gwajin ba. Na ɗauka zan ji sanyi, ban ji sosai ba.

Wata likitar yara da ba ta cikin binciken ita aka sa ta zauna da su huɗun, ta gaya musu an yi kuskure, wanda ke son fita ya fita. Tsohuwa mai sanda ta fita. Ta ce ba za ta riƙa hawa mota biyu saboda ruwa ba. Ni na fitar da ita, ba wani ba.

Likitar ta same ni a baranda ta ce tsohon nan mai agogo biyu ya ba ta saƙo, ba ta san ko nawa ba ne ko na kwamiti. Wai a shagonsa akwai agogo ɗaya da ba ya sayarwa, ba ya kuma taɓa cikinsa, da shi yake saita na mutane. "In ni ne agogon nan a gwajinku, a bar ni in zauna. Amma a sake auna mini tafiyar nan. Ran nan da gangan na zauna, fushi nake yi."

Na ce mata na ji. 

Talata, 14 ga Oktoba

Na koma teburina. Wanda aka aro ya canza wa almakashi wuri.

Wajen ƙarfe goma Sista ta miƙo takardar Baba ta taga, da wani abu a naɗe cikin hankici. Agogonsa ne, na hannun dama, mai tsohuwar fata.

"Ya ce in ba ki. Wai na bangon ɗakinku gaggawa gare shi, halin mai ɗakin ya ɗauko."

Ta yi kamar ba ta gane ba, ni ma haka.

Minti goma na gama ledarsa, na sa mata baƙar riga. Na danna na'urarsu tun farko kamar yadda aka ce, amma nasa na ajiye kusa da ledar, shi nake kallo. Ban taɓa sanin minti arba'in da biyar na da tsawo haka ba. Ina jin tarinsa daga benci, na san shi a cikin na mutum goma. A minti na ashirin na miƙe. Na zauna. Na gyara almakashi. Ban leƙa ba. Ba wai don wani abu ba, aiki ne ya yi yawa.

Na ɗauki ledar da agogon na nufi taga, na duba, saura daƙiƙa ashirin. Ya sake yin tari.

Na jira su ma.