Baffa Bai Kira Ni Ba

Dutse, Lahadi

Maman Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yaya idon Iya bayan aikin da aka yi mata? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ta fara gane ki tun daga ƙofar ɗaki. Ki gaida mutanen Kafin Hausa.

Na zaɓi takarda ne saboda takarda ba ta katse mutum. Aikinki ya tsaya.

Kada ki ce ban fahimci bayaninki ba, na riƙe shi sarai. Lissafin ruwan saman shekara talatin ba a cikin kwamfutarki yake gudana ba, yana cikin wata kwamfuta marar jiki da jami'a ta ara miki a cikin babbar na'urarta. Taki taga ce kawai, wayata kuma ke ba ta netwok. In ya yanke, tagar ta rufe, lissafin ya mutu. Kwana uku yake so, Farfesa kuma yana jiran sakamakon ranar Alhamis, in ba haka ba sai baɗi za ki kare digirin. Kin ce in bar su duka a kan tebur, in riƙa amfani da ƙaramar waya.

To, sai ga yankan riɗi ya taso a gonarmu ta bayan Kiyawa. Kin san riɗi, in aka makara ƙasa ce ke cin rabinsa. Na shiga mota da kwamfutar a buɗe a cinyata kamar jariri, har wata tsohuwa ta yi mata addu'a. Netwok bai yanke ba har gindin tsamiyar gonar.

Nan Baffa ya kira. Ashe a ƙauye wayar ba ta iya magana da data lokaci guda. Ke ma kin san ba a katse Baffa. Ya tambayi lafiyarki, da ta Zulfa, da ta tumaki ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai kan jakin, tagar ta rufe. Saura awa tara ya gama.

Ki ɗora laifin a kan kamfanin waya, da tarbiyyar da aka yi mini. Gobe zan shiga jami'a.

Naki,
Misbahu

Dutse, Talata

Maman Zulfa,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Iya? Yaya ke kuma? Shirunki ya iso, na karanta shi tsaf.

Jiya na je ofishin kwamfuta. Malama Zipporah, mai kula da na'urar, ta saurare ni kamar likitan da ya ji ciwon sau ɗari. Ta jona kwamfutarki da igiyar ofishinsu, ta tashi lissafin daga farko da ƙarfe biyu. Na yi mata dogon jawabi a kan lalacewar netwok a ƙasar nan, har da tarihi. Ta tambaye ni abu ɗaya: me ya fitar da ni daga gida da kwamfutar.

Ga amsar. Ƙanena Sani ya riga ya tara masu yankan riɗin, ba a buƙatar ni. Na je ne don a gan ni. Shekara ashirin ina koyar da tarihi, mutanen garinmu na ganin alli kawai na iya riƙewa. Na zauna a gindin tsamiya ina nuna wa masu lauje lambobi suna gudu, ina cewa injin jami'a nake tuƙawa daga nan. Ban ce naki ba ne.

Kuma Baffa bai kira ni ba. Ni na kira shi, don shi kaɗai ne bai zo ya gani ba. Bawan Allah, na jingina masa laifi alhali gaisuwa kawai ya amsa.

Safina, shekara huɗu kina haɗa lambobin nan tsakanin girki da aji da asibitin Iya. Abu ɗaya kika roƙe ni, in bar abu a inda yake. Ko turmi zai iya wannan aikin.

Na je wurin Farfesa na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce kwamitin kare digiri na rufe karɓar sakamako ƙarfe huɗu na Alhamis, ba da shi ake canjawa ba. Lissafin zai gama ƙarfe biyu in Allah ya yarda. Awa biyu na bar miki daga cikin kwana huɗun da kika tanada. Ki taho ranar Alhamis da safe, Zulfa za ta zauna da Iya.

Ni ina kan benci a ƙofar ofishin tun buɗewa har tashi. Malama Zipporah ta hana ni taɓa komai, kuma na ga hikimarta.

Ban nemi ki yafe kafin Alhamis ba. Direban da ya kawo takardar nan zai ba ki ƙunshi. Wayata ce a ciki, a kashe. Ki riƙe ta. In kin sami sarari ki kira Baffa ki gaishe shi, ni kunyarsa nake ji.

Mijinki,
Misbahu