Ni Ɓeraye Nake Dubawa

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Mama? Ya yara da maigidanki? Ni lafiya lau nake, abinci ne kawai ya ƙi shiga.

Na ga saƙonki: ashe Mama ta shekara tana ɓoye ƙari a ƙirjinta, kuma ta ƙi asibiti, wai 'yarta tana karatun ciwon, ita za ta aiko da magani.

Yaya, ni fa ɓeraye nake dubawa. Kowace safiya nakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, in laluba da yatsa. Ko ƙarin bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai na gano shi. Idan muka tsayar da sinadarin jikin mace da ke ciyar da shi, wani ƙarin ya motse, wani ya ƙi. Iyakar sanina ke nan. Maganin mutum, ko ƙwaya ɗaya ba ni da shi.

Don Allah ki kai ta asibiti gobe. Ki ce ni na ce, ƙila ta yarda.

Shekara uku ina ce muku ina binciken sankarar mama. Sai yanzu na ji sunan wa nake kira.

Allah Ya ba ta lafiya.

Ƙanwarki